TAKARDAR IZINI BA TA GOGE HAƘƘIN MAƘWABCI



'Yan uwa, a Amurka akwai gidajen abincin da ba ka sauka daga mota. Ka bi layi, ka faɗi abin da kake so ta lasifika, ka biya ta taga, a miƙo maka, ka wuce. McDonald's da ire-irensu haka suke yi. Mai saye ya huta. To amma wanda katangarsa ke manne da wurin fa? Shi ne zai kwana da ƙarar lasifika, da hayaƙin motocin da ke tsaye ba a kashe su ba, da fitilar da ke haske masa ɗaki, ga layin motoci ya tare hanyar da yaransa ke bi zuwa makaranta.

Shi ya sa a garuruwa da yawa can, kafin a gina irin wannan wuri kusa da gidaje, sai kwamitin tsara gari ya zauna. A sanar da maƙwabta, a sa rana, kowa ya zo ya faɗi nasa. Wani lokaci a hana, wani lokaci a yarda bisa sharaɗi: a ja katanga, a rage ƙarar lasifika, a sa lokacin tashi, layin motoci ya tsaya cikin filin mai shi kada ya fito titi. Birnin Minneapolis ma a shekarar 2019 hana gina sababbi ya yi gaba ɗaya.

Ni abin da nake so mu lura da shi, wannan bincike malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin sa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaure, ta hana mutum buɗe tagar da zai riƙa leƙa gidan maƙwabcinsa, ko ya yi haƙan da zai cutar da shi, ko da a cikin mallakarsa ne. Muktasar na Shehu Khalil ya ƙara da hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na majema, da kafa bargar dawaki, da buɗe shago daidai ƙofar gidan wani. Ka ɗauke dawaki ka sa motoci, ai magana ɗaya ce. Tushen duka shi ne hadisin da ya hana cutarwa da ramuwa da cutarwa, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma shi ne na 32 a Arba'una ta Nawawi.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. A nan gida, gidan mai da wurin ɗura gas da gidan biki suna tsirowa a tsakiyar unguwa, maƙwabta sai dai su wayi gari su ga ana haƙa ramin tanki. Ba mu manta da fashewar shagon gas a Sabon Tasha, Kaduna, a watan Janairun 2020 ba, inda aka rasa rayuka.

Saboda haka ina da magana da mutum uku.

Kai mai jari, neman halal ibada ne, Allah Ya sa albarka. Amma kada ka ce "ai ina da takarda". A hadisin Ummu Salama (RA) da ke Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi cewa wani yakan fi abokin shari'arsa iya tsara magana har a yanke hukunci a ba shi, alhali abin da ya karɓa na ɗan uwansa yanki ne na wuta. Idan hukuncin alƙali bai halatta maka haƙƙin wani ba, ina ga hatimin ofis? Ka je ka zauna da maƙwabtan tun kafin ka sa bulo na farko.

Kai ma'aikacin hukumar tsara gari, ko KNUPDA ce a Kano ko takwararta a wata jihar, sa hannunka shaida ce. Idan ka karɓi na goro ka sa hannu ba ka je ka ga wurin ba, duk tsohon da ya kasa barci da duk yaron da mota ta buge a wannan kwanar, za a tambaye ka.

Kai kuma maƙwabci, ka ji tsoron Allah a ƙorafinka. Shi Khalil ɗin bai ce a hana duk abin da ba ka so ba. Tsawon ginin maƙwabci, ko ya tare maka rana, ko ƙara irin ta masu bugun tufafi, bai sa su cikin abin da ake hanawa ba. Idan hassada ce ta kai ka gaban hukuma don yaron da ka raina ya buɗe sana'a, to kai ne mai cutarwar. Ka faɗi cutar da ta same ka daidai yadda take, kada ka ƙara gishiri. Idan katanga ko canjin ƙofa za su magance ta, ka karɓa, ka bar bawan Allah ya nemi abincinsa. Idan kuma an kira zama ka ƙi zuwa, kada gobe ka zauna a majalisa kana zagi.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtanmu, Ya tsare mu daga dukiyar da aka tara da hawayen wani.

Wallahu A'alam.