Baƙon Miji, Wahalar Mata

Saurayi ya yi aure a ƙauyensu wajen Madawa, aiki kuwa ya kai shi Yamai. Ya ɗauki amaryarsa suka kama ɗakin haya. Kafin ta gama jera kwanoninta kaka ta wuce, 'yan cin rani suka fara sauka: ƙanen miji, ɗan kawunsa, da wani wanda ba a ma san dangantakar ba. Ko daidai ne a mai da su? Maigida ya ce a'a, yana kuwa da gaskiya. Su suka yi gayya a gonar tsohonsa, su suka taimaka da kuɗin aurensa, a gabansu kuma zai zauna ran da ya je gida suna.

Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Shi ke amsa sallama, shi ake sa wa albarka. Ita ke tashi da asuba ta tari ruwa, ita ke raba tiyar hatsi ga baki bakwai. A ƙauye faccaloli za su kama mata. A nan ita kaɗai ce, ba ta jin Zabarmanci, ba ta da wadda za ta kai wa kuka. Alherin da mutum ya yi da ƙarfin wani, bai tambaye shi ba, ba nasa ne duka ba.

Ba a ce ya rufe ƙofa ba. Sai dai kafin ya ce wa ƙanensa ya zauna har damina, ya shiga ɗaki su yi shawara, ko da dangi za su ce an mallake shi.