RABON NAMOMIN JEJI A GONAR MAI BI

Nassi: Fitowa 23:10-11, Littafin Firistoci 25:1-7, 23, Zabura 104:10-18

Dattawan ikkilisiya da suka yi ƙuruciyarsu a karkarar Filato, ko Kudancin Kaduna, ko gindin duwatsun Adamawa, sukan tuna da zamanin da kukan makwarwa ne yake tashe manomi da asuba. Zabin daji sukan ratsa gona garke-garke, gada takan ɓullo daga kurmi da sanyin yamma, ungulaye sukan yi layi a kan rufin mahauta, gauraka kuwa tana taku a fadama. Yau a ƙauyuka da yawa, yaro yakan gama firamare bai taɓa ganin gada da idonsa ba, sai dai ya ji sunanta a tatsuniya. Wani zai ce wannan zancen ma'aikatan gandun daji ne, babu ruwan bagadi da shi. Amma Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kai ba. Allah da ya ba mutum gona, shi ne kuma ya yanka wa namomin jeji rabo a cikinta, kuma zai tambayi mai gona yadda ya yi da wannan rabo.

Ƙasa ta Ubangiji ce

A cikin Littafin Firistoci 25:23 Ubangiji ya hana Isra'ilawa sayar da ƙasa har abada, ya kuma ba da dalili: shi ne mai ita, su kuwa baƙi ne da ya saukar a cikinta. Takardar gado, da shaidar mai unguwa, da duwatsun iyaka suna da amfaninsu a tsakanin mutum da mutum, amma a gaban Allah manomi wakili ne da aka damƙa wa amana. Tun a gonar Adnin aiki biyu aka ba Adamu, ya nome ta, ya kuma kiyaye ta (Farawa 2:15). Masu bi da yawa sun riƙe na farko da hannu biyu, sun saki na biyu. Sukan kafa hujja da Farawa 1:28, inda aka ba mutum mulki bisa kifaye da tsuntsaye da dabbobi. Gaskiya ne an ba shi mulki, amma an ba shi ne a matsayin wanda aka halitta cikin kamannin Allah, sai kuwa mulkin nasa ya yi kama da na Allah, wanda yake ciyar da abin da yake mulka. Sarkin da ya ƙarar da talakawansa, wa ya rage masa ya mulka?

Bayan ruwan tufana, alkawarin da Allah ya yi bai tsaya a kan Nuhu da zuriyarsa kaɗai ba, ya haɗa da tsuntsaye, da dabbobin gida, da na jeji, da kowane mai rai da ya fito daga jirgi (Farawa 9:9-10). Bakan gizo da yara suke nunawa da damina shaida ne ga alkawarin da zomo da kurciya suke ciki.

Shari'ar da ta tuna da namomin jeji

Umarnin Fitowa 23:10-11 shi ne a noma ƙasa shekara shida, a ta bakwai a bar ta ta huta, domin matalauta su ci abin da ya tsiro da kansa, abin da suka rage kuwa ya zama na namomin jeji. Littafin Firistoci 25:6-7 ya jera masu cin amfanin wannan shekara ta hutu, daga mai gida da barorinsa da baƙonsa, zuwa dabbobinsa, har ya kai ga namomin da suke cikin ƙasar. An kuma hana mai girbi ya yanke gonarsa har gefe, ko ya koma kala (Firistoci 19:9-10). Wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu a hanya, an hana shi haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe, sai ya saki uwar, an kuma ɗaura wa wannan ƙaramin umarni alkawarin tsawon rai (Maimaitawar Shari'a 22:6-7). Annabi Ishaya kuma ya yi kaito ga masu haɗa gona da gona har wuri ya ƙare (Ishaya 5:8).

Kirista ba ya ƙarƙashin shari'ar Musa domin samun ceto. Ta wurin alheri aka cece shi. Amma shari'ar tana nuna halin wanda ya ba da ita, halin nan kuwa bai sāke ba. Zabura 104 ta nuna Allah yana ɓuɓɓugo da maɓuɓɓugai a kwaruruka domin namomin jeji su sha, yana shayar da itatuwa domin tsuntsaye su yi sheƙa, ya kuma ba rema mafaka a cikin duwatsu. Ubangiji Yesu da kansa ya ce Uba ne yake ciyar da tsuntsaye (Matiyu 6:26). Da me yake ciyar da su, in ba da 'ya'yan baure, da ƙwarin ciyawa, da ruwan rafi da suke gefen gonar mai bi ba? Wanda ya share waɗannan duka, ya kife akushin da Allah ya ajiye wa halittarsa.

Abin da ake yi wa ƙasa

Da zarar an gama girbi, iskar hunturu ta busar da ciyawa, sai samari su cinna wa jeji wuta domin gafiya biyu ko uku. Wutar takan cinye ƙananan itatuwa, da bushiya, da kunkuru, da hawainiya, da ganyen da zai ruɓe ya zama taki, wani lokaci har da damman dawar da ba a kwashe ba. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi, amma mai ƙona jeji rumbun jama'a ya ƙona, tokar ma iska ce take kwashe ta. Ana sare kirya da maɗaci domin gawayi, ana noma har bakin rafi sai gaɓa ta zube ruwa ya ƙafe tun kafin tsakiyar rani, ana zuba guba a gulbi a kashe babban kifi da ƙarami a rana ɗaya. Ungulu, wadda take kwashe mushe kyauta ta raba gari da cuta, ana kama ta ana sayar da kanta da ƙafafunta ga masu tsafi. A shekarar 2015 masana na duniya suka sa irin ungulun nan da aka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa.

Annabi Yusha'u ya ga irin wannan a zamaninsa, ya kuma danganta shi da zunubi: inda babu gaskiya da jinƙai da sanin Allah, ƙasa takan yi makoki, namomin jeji da tsuntsaye da kifaye su shuɗe (Yusha'u 4:1-3). Hasarar kuwa a kan manomi take komawa. Jemage ne yake kai ƙurar fure daga wannan ɗorawa zuwa waccan da dare, in babu shi kalwa ta ragu, daddawa ta yi tsada. Kaɗanya tana bukatar ƙudan zuma kafin ta yi 'ya'ya da yawa, man kaɗe kuwa da shi mata da yawa suke biyan kuɗin makarantar yara. Mujiya, wadda ake jifa saboda camfi, ɓerayen gona take ci. Shamuwa da belbela fara suke tsinta. Manomin da ya kori waɗannan ma'aikata da ba sa karɓar lada, dole ya ɗauki kuɗi ya sayi maganin feshi ya yi aikinsu.

Kututture mai rai

Ayuba ya lura cewa itacen da aka sare bai rasa bege ba, domin ko saiwarsa ta tsufa a ƙasa, da ya ji ƙanshin ruwa sai ya sāke toho (Ayuba 14:7-9). Ƙasar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ta ga cikar wannan magana. Bayan farin shekarun 1970, gonakinta sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi. Wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa, yawancinsu suna mutuwa, har ya kusa fid da zuciya. Wata rana a shekarar 1983 ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi, yana roƙon Allah ya nuna masa abin yi. Sai idonsa ya sauka a kan wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawar banza ce. Da ya duba ganyen, sai ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa tana nan da rai, amma kowace shekara ana sassabe shi a ƙone.

Dabarar da ta fito daga nan ba ta bukatar kuɗi. Manomi yakan zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a kan kututture, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran, ya kāre waɗanda ya bari daga wuta da awaki. Tun da saiwa ta riga ta yi zurfi, itacen yakan yi saurin girma fiye da dashe. Da farko an yi wa masu yin haka dariya, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Amma maƙwabci ya ga amfanin maƙwabci, abu ya bazu daga gona zuwa gona, har aka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Da yawa daga cikinsu gawo ne, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi wa ƙasa taki. Inda itace ya tsaya kuwa, nan tsuntsu yake samun wurin sheƙa, ƙadangare ya sami maɓoya, ƙudan zuma su sami fure. In ƙasar da ruwanta bai kai na Filato da Binuwai ba ta farfaɗo haka, wace hujja ce ta rage wa masu ruwan sama isasshe?

Tambayoyi biyu

Wani ɗan'uwa zai ce gonarsa ƙarama ce, bakuna kuwa da yawa, birai da tsuntsaye ma ɓarna suke yi masa. Wannan kuka ne na gaskiya, Allah kuma bai ce a bar yara da yunwa domin biri ya ƙoshi ba. Mutum ya fi gwarare da yawa daraja (Matiyu 10:31). Tsaron gona halal ne, farauta domin abinci ma ba zunubi ba ce. Abin da Nassi ya hana shi ne cin uwa da 'ya'ya, wato ƙarar da iri. Rabon da ake nema ma ba babba ba ne: gefen gona, da bakin rafi, da tudun dutsen da ko an noma shi ba ya ba da kome.

Wani kuma zai ce kurmin ƙauyensu wurin tsafi ne a dā, sare shi shaida ce ta rabuwa da gumaka. Lalle mai bi ba shi da rabo da tsafi. Amma laifin yana cikin zuciyar da ta yi wa halitta sujada maimakon Mahalicci (Romawa 1:25), itacen kuwa bai yi zunubi ba, na Ubangiji ne tun kafin a yanka masa kaza. Kusa da Jos, mutanen Laminga sun kiyaye dajin Amurum, mai faɗin hekta wajen 300. Yau an ƙirga tsuntsaye fiye da iri 300 a cikinsa, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye da take aiki tare da Jami'ar Jos, ɗalibai kuma suna zuwa daga ƙasashen Afirka dabam-dabam. A cikin duwatsun nan ne ake samun wani ɗan jan tsuntsu da masana ba su ba shi suna ba sai a shekarar 1998. Da an mai da wannan daji gawayi, da an shafe aikin hannun Allah tun duniya ba ta san da shi ba.

Abin da iyali da ikkilisiya za su yi

1. Mai gida ya bar ciyawa da ƙananan itatuwa a kan iyakar gonarsa, domin a cikin ciyawa ne zabi da makwarwa suke ƙwai.

2. A lokacin sassabe, a zaɓi kututturan ɗorawa, da kaɗanya, da tsamiya, da ɗinya, da gawo, a gyara tohonsu a bar su su girma.

3. Kada garma ta kai bakin rafi. A bar itatuwan gaɓa, su ne suke riƙe ƙasa, su kuma tsare ruwa har rani.

4. A share layi kewaye da gona da kurmi tun kafin ciyawa ta bushe sarai, domin wuta ta rasa wurin ƙetarewa. Iyaye su kwaɓi 'ya'yansu a kan farautar wuta, dattawan ikkilisiya kuma su haɗa kai da masu unguwa da maƙwabta makiyaya, gama wuta ba ta tambayar addinin mai gona.

5. A daina zuba guba a ruwa, a kuma bar dabba mai ciki ko mai goyo, da tsuntsun da yake kwanci.

6. Filin ikkilisiya ya zama abin misali. Zumuntar mata da ta matasa za su iya renon itatuwan gida a harabar majami'a da gonar fasto, malaman makarantar Lahadi kuma su koya wa yara sunayen tsuntsayen garinsu, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kammalawa

Manzo Bulus ya koyar cewa ta wurin Almasihu aka halicci dukan abu, kuma dominsa aka halicce su (Kolosiyawa 1:16), ya kuma ce halitta tana nishi tana jiran ranar 'yancinta tare da 'ya'yan Allah (Romawa 8:19-22). Saboda haka makwarwar da take gefen gona tana da mai ita, shi ne wanda ya mutu domin mai gonar. A ranar godiyar kaka, sa'ad da iyali suke shiga majami'a da dammunan dawa da buhunan masara, ya kamata mai gida ya tambayi kansa ko ya bar wa sauran halittun Ubangiji nasu rabo, ko kuwa ya haɗa har da nasu ya kawo baiko. Ubangiji ya ba jama'arsa zuciyar wakilai masu aminci, ya warkar da ƙasarsu, ya sa jikokinsu su tashi da kukan makwarwa kamar kakanninsu. Amin.