Shin Ana Iya Dasa Jiya a Birni?

Kiristocin da ke baro ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur su zo Funtuwa neman abinci sukan tarar da majami'u tsayayyu, irin su ECWA, wadda aka kafa tun 1954. Duk da haka wasunsu kan yi marmarin ƙaramar ikilisiya irin ta masu bi na farko, waɗanda littafin Ayyukan Manzanni ya nuna suna taruwa a gidaje, suna sayar da mallakarsu domin mabukata. To, mene ne za a kwaikwaya?

Taruwa a ɗaki ba wuya, tabarmi biyu sun isa. Wuyar tana wajen rabo. A ƙauye gayya ta riga ta koya wa manomi cewa ɗan'uwansa yana da hakki a kan ƙarfinsa, kuma kowa ya san rumbun kowa. A birni kuwa, ɗan haya bai san ko maƙwabcinsa ya ɗora tukunya ba.

Na farkon ma ba su tsira daga matsala ba. A sura ta 5 Hananiya da Safiratu sun ɓoye wani kaso na kuɗin fili. A ta 6 an yi gunaguni cewa ana tsallake wasu matan da mazansu suka mutu wajen rabon abinci. Manzanni ba su binne maganar ba, sai suka sa jama'a ta zaɓi amintattu bakwai su riƙe aikin.

A ganina, wannan shi ne abin koyi. Kafin a sayi lasifika, a fara daidaita wa zai riƙe asusu, wa zai bincike shi, kuma wa zai san gidan da aka kwana da yunwa.