Na'urar da Ba Ta Zuwa Ta'aziyya

A watan Agustan 2020, hukumar binciken makamai ta Amurka mai suna DARPA ta shirya wata gasa. An haɗa ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin Heron Systems da wani gogaggen matuƙin jirgin yaƙi ƙirar F-16, suka kara a sararin sama na kwaikwayo cikin kwamfuta. Sau biyar aka gwabza, sau biyar na'urar ta kakkaɓo mutumin. Ta koyi aikin ne ta hanyar maimaita faɗan sau da yawan gaske, har ta gane yadda za ta manne wa abokin gaba ba tare da ya kuɓuce mata ba. A 2023 aka fitar da abin daga kwamfuta: a sansanin Edwards da ke Kalifoniya, jirgin X-62A da na'ura ke sarrafawa ya yi gwajin faɗa da jirgin da mutum ke tuƙawa.

Mu mazauna N'Djamena mun san cewa sama ba wurin wasa ba ne. Dattawanmu a Abena suna tuna ranar 17 ga Fabrairun 1986, lokacin da jirgin Libiya ya jefa bam a filin jirgin saman birnin nan. Mu kuma mun tashi da rugugin jiragen Mirage na Faransa, har suka tattara suka tafi a Disambar 2024. Shi ya sa nake ganin tambayar ta shafe mu: idan na'ura ta fi mutum iya bin sawun abokin gaba, ya halatta a bar mata yanke hukuncin kashe shi?

Abin da ke damuna shi ne, a cikin kwamfuta an riga an gama aiki mafi wuya kafin a fara wasan. An nuna wa na'urar cewa wancan jirgin maƙiyi ne, ita dai ta bi shi ta harbe. Babu kasuwa a ƙasa, babu taron biki, babu makiyayi da garkensa. A zahiri kuwa, tambayar da ta fi nauyi ita ce: wane ne wancan? A ranar 17 ga Janairun 2017, jirgin sojan saman Najeriya ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann, daf da iyakar Kamaru. A ranar 3 ga Disambar 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya afka wa masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, aka rasa rayuka aƙalla 85. Duka wuraren biyu an samu inda aka auna daidai. Sanin wanda aka auna ne ya gagara.

Na san wani zai ce: ai mutane ne suka yi waɗannan kurakuran, na'ura kuwa ba ta gajiya, ba ta firgita, ba ta da ƙullin ramuwa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban ƙi a yi amfani da na'ura wajen taya mutum gani ba. Amma bayan abin da ya faru a Tudun Biri, hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya nemi afuwa. Hakan bai dawo da ko rai ɗaya ba, sai dai iyayen mamatan sun ga wanda za su tuhuma ido da ido. Na'ura fa? Ba ta zuwa ta'aziyya, ba ta kasa barci, ba ta tsoron ranar hisabi. Wanda ya ƙera ta zai ce kwamanda ne ya tura ta, kwamanda ya ce lissafinta ne ya kuskure, alhakin jini ya ɓace a tsakani.

Jinkirin da matuƙi ke yi kafin ya danna kunama, masu gasa suna ɗaukarsa a matsayin rauni. A ganina, cikin wannan ɗan jinkirin ne tausayi da tsoron Allah suke samun wurin shiga.

A Disambar 2023, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙudurinsa na farko kan makamai masu kisa da kansu. Ƙasashenmu galibi sayen irin waɗannan jiragen suke yi, kuma a kan ƙauyukanmu za su yi shawagi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ya kamata mu nemi doka a rubuce: duk harbin da zai iya ɗauke rai, sai an samu mutum mai suna da muƙami da zai amsa cewa shi ya ba da izini.