Sharhin Baiti Biyu a Kan Mantuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ba Ya mantuwa, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, na ce:

Hadda gona ce, tishe ne damunarta,
Wanda ya bar noma, ciyawa za ta gaje ta.
Zuciya ba ta riƙe duk abin da ka ba ta,
Sai wanda kullum ka ke zuwa ka ziyarta.

Ka sani, ya kai ɗan'uwana, Allah Ya yi mana rahama da ni da kai, sababin waɗannan baitoci shi ne wani dare na azumi ina jan sallar asham, sai aya ta ƙwace mini a cikin Suratul Baƙara, na tsallaka zuwa mai kama da ita a Ali Imrana. Yaron da ya gyara mini daga sahu, ni na rubuta masa allonsa na farko. Na kwana ina tambayar kaina: shin wannan tsufa ne, ko kuwa laifina ne?

Jawabi shi ne mantuwa iri biyu ce. Akwai ta halitta, wadda babu ɗan Adam da ya kuɓuta daga gare ta, kuma ba a kama bawa da ita. Wanda ya yi rafkanuwa a salla sujada biyu a ke nema gare shi, ba a ce ya yi saɓo ba. Cikinta ma akwai rahama, domin da zafin rashi ba ya dusashewa, da uwar da ta binne ɗanta ba ta ƙara cin abinci ba. Akwai kuma mantuwar sakaci, ita ce mutum ya bar bitar abin da aka ba shi amana. Da na yi wa kaina hisabi, sai na tarar wata uku ban tisa Baƙara ba, na dogara da cewa na daɗe da ita.

Abin da ya fi ba ni kunya kuwa, wata magana da wani ya gaya mini a bainar jama'a tun ina saurayi, har yau ina riƙe da ita harafi da harafi, da rigar da ya sa ranar. Ƙwaƙwalwar da ta saki aya ita ce ta riƙe wannan. Me ya sa? Saboda ita na ke tisawa a duk lokacin da na kwanta. Ashe ba ƙarfin riƙo ne ya ragu ba kaɗai; inda na ke kai ziyara ne ya sake.

Faɗakarwa. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya wallafa bincikensa a shekarar 1885, bayan ya haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage masa. Ya tarar zubewa ta fi yawa a sa'o'in farko da yinin farko, sannan ta lafa. Kuma maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Malaman tsangaya sun daɗe a kan wannan, shi ya sa ba a wanke allo sai almajiri ya kawo shi da ka.

To, magani huɗu ne. Na farko, ka koma wa sabon karatu a yinin da ka ɗauke shi, sannan gobe, sannan bayan mako. Na biyu, ka rufe takarda ka jawo shi daga ƙirjinka a gaban wanda zai gyara maka, domin kallon rubutu yana ruɗin mutum ya zaci ya iya. Na uku, ka ba barci haƙƙinsa, domin a cikinsa abin da aka koya da rana ya ke kafuwa. Na huɗu, ka yanka wa tsohon karatu rabo wanda ba ya tashi: Alƙur'ani izu 60 ne, mai tisa izu 2 kullum zai sauke a kwana 30. Kada kuma ka raina alƙalami. Da mahaddata suka yi shahada da yawa a yaƙin Yamama, Halifa Abubakar umurtar Zaidu ɗan Sabitu ya yi ya tattara Alƙur'ani a rubuce.

Wayar da ke aljihunka tana iya ɗauke da littattafai masu yawa, amma ba za ta tsaya maka a mihrabi ba. Ni dai na ɗaukar wa kaina alkawari: lokacin da na ke ba tsohuwar maganar nan, na mayar wa Baƙara, ita kuwa na bar wa ciyawa ta gaje ta, na kuma yafe wa mai ita.

Allah Ya tunatar da mu abin da muka manta na alheri, Ya mantar da mu ƙullin da ke tsakaninmu, Ya sa kalmar shahada ta zama abin da harshenmu zai tuna a ƙarshe. Wallahu a'alamu. Tammat bi hamdillahi.