Wutar ɗari da icen gona: wa ya fi gaskiya?

Jama'a, ɗari ya shigo. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan ratso hamada, ta iso mana da ƙura. Da rana ba laifi. Amma in dare ya raba, musamman a kwarin Dallol Boso inda sanyi ke kwanciya, sai ka ji kamar ana zuba maka ruwan randa. A nan ƙasar Baleyara da Filinge ma'aunin zafi yakan sauko wajen 15, wani dare ma ƙasa da haka. Mutanen Bilma da na duwatsun Ayar sun fi mu shan wuya, don can wata shekara har ruwa yakan daskare. Namu bai kai nan ba. Duk da haka ya isa ya kwantar da tsoho, ya sa jariri tari.

To, ga tambayar da nake so mu yi tunani a kanta. Mutum yana da tsohuwa a ɗaki tana makyarkyata, ko yaro mai tari. Busasshen icce ya ƙare. Ba shi da kuɗin gawayi. A bayan gari kuwa ga gawo tsaye. In ya ɗauki gatari ya sare shi, ya yi laifi ko bai yi ba?

Wannan magana ta raba ɗaliban ajinmu na yaƙi da jahilci gida biyu. Waɗansu suka ce rai ya fi icce. Suka ce ba mai hankalin da zai dubi uwarsa tana rawar ɗari, ya ce yana tattalin inuwar jikoki. Waɗansu suka ce gawo ba na mutum ɗaya ba ne. Suka ce wanda ya sare shi ya ci haƙƙin mutane da yawa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Bari mu auna su.

Mu fara da gawo. Kowane manomi ya san halinsa. Da damina yakan zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana. Da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka bushe, shi yakan yi kore. Bisashe su ci ƴaƴansa, su huta a gindinsa, su bar taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau. Kafin ya yi girman da zai ba da wannan amfani sai ya shekara da yawa, amma gatari yakan gama da shi a hantsi ɗaya. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram na da sun hana saran gawo, suna hukunta mai saransa hukunci mai tsanani. Dokar daji ta ƙasarmu ma ta sa shi cikin itatuwan da ake karewa. Ke nan mai saran gawo ya ɗauki abin makiyayi, da na mai gona, da na yaron da ba a haifa ba tukuna. Shi yaron nan ba shi da bakin kai ƙara.

Yanzu mu koma ga masu cewa rai ya fi icce. Gaskiya ne, rai ya fi icce. Da a ce saran gawo ne kaɗai zai ceci tsohuwa a daren nan, da ba mai cewa kome. Amma mu tambayi kanmu, ɗanyen icce yana ci? Kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In ka sa shi a wuta, hayaƙi zai ba ka, zafinsa kaɗan. Sai ya yi makonni a rana kafin ya yi amfani. Ashe wanda ya sare ɗanyen icce ba daren yau ya yi wa tanadi ba, wata mai zuwa ya yi wa. Wanda kuwa yake da sararin jiran wata guda, yana da sararin neman wata dabara. A nan ne hujjar larura take raguwa.

Wace dabara ke nan? Ta farko ita ce mu san inda zafin ɗaki yake tafiya. Zafi sama yake hawa. Ɗakin kwano yana da kyau ga ido, kuma ba ya yoyo da damina. Amma kwano siriri ne, ba ya riƙe zafi. Da rana ya gasa ka, da dare ya bar ka da sanyi. Hura wuta a irin wannan ɗaki kamar zuba ruwa ne a tulu mai huda. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka iska take. A yaɓe tsagar bango da laka tun kaka. A ɗaura zana ko tsofaffin tabarmi a ƙarƙashin kwano. A rataya asabari ko tsohon bargo a ƙofa. A yi dannin kara a gefen gabas da arewa, inda iska ke bugowa. Kada a kwanta a ƙasa tsura, don ƙasa tana shan ɗumin jiki. A hau gadon kara, ko a ninka shimfiɗa. A sa wa jariri hula. Duk wannan aikin hannu ne, kuɗinsa kaɗan.

Ɗakin ƙasa mai kauri ya fi kowane ɗaki a wannan wajen. Yakan sha zafin rana, ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Ba sai da azara ake rufa shi ba. A garin Cikal, nan kusa da Filinge, aka fara gwada gini ba icce a ƙasar Nijar a shekarar 1980. Da tubalin ƙasa kaɗai ake yin rufin, a lanƙwasa shi kamar kifaffiyar ƙwarya. Daga nan magina da yawa suka koya. Abin da ya fara a ƙasar Kurfai, bai kamata ya zama baƙo gare mu ba.

Sai dai a kula da abu guda, don rai ne a ciki. In an toshe ɗaki, kada a kwana da kaskon garwashi a ciki. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yakan fitar da wata muguwar iska. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini sai ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamarta ciwon kai, da jiri, da amai, da nauyin barci. Mai barci ba ya jin ta, sai dai a wayi gari a tarar da gawa. A ɗumama ɗaki da ƙofa a buɗe kaɗan, a fitar da kasko waje kafin a kwanta. In an ga mutum da waɗannan alamu, a fito da shi sarari nan da nan, a kai shi asibiti. Hayaƙin icce ma ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3. Uban da ya rufe ƴaƴansa da wuta don ƙauna, yana iya cutar da su bai sani ba. Kyakkyawar niyya tana bukatar sani.

Dabara ta biyu ita ce mu noma iccenmu. A jihar Maradi, tun daga shekarar 1983, manoma suka fara abin da ake kira sassaben zamani. In sun zo share gona ba su ƙone kututturen sabara da kalgo da geza. Sukan bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran. Kowace shekara su sami rassan wuta, icce kuma yana nan tsaye. Da wannan hanya aka mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakin Nijar. A shekarar 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan icen da ya raya a gonarsa. Wanda ya yi haka ba ya zaɓe tsakanin uwarsa da jikansa, duka biyu ya ba su.

Amma kada mu ɗora wa talaka laifi shi kaɗai. Duk mai bin hanyar Yamai yana ganin manyan motoci shaƙe da icce suna shiga birni. Abin da tsohuwa take ƙonawa a ɗari guda bai kai lodin mota ɗaya ba. Mai tukunya a birni, in yana da halin sayen gas ko murhu mai tattalin icce irin Mai Sauƙi, amma ya ƙi, shi ma yana da hannu a saran dajinmu. Haka nan maƙwabci. In kana da tarin kara da bargo uku, gidan da ke jikin naka ba ko ɗaya, to rabin laifin gatarinsa naka ne. Ran Lahadi, kasuwar Baleyara tana cika da tufafin gwanjo. Mai sayar da rago ya tuna da tsohuwar da ba ta da ɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga inda na tsaya. Wanda larura ta kama da gaske, ba shi da kowa, ba shi da kome, ya datsi reshe ya bar uwar icce, ba na ganin laifinsa. Laifin na garin da ya bar shi haka ne. Amma wanda ya ga kaka ta wuce bai yaɓe bango ba, bai tara kara ba, bai bar tsiro ko ɗaya a gona ba, sa'an nan ya zo yana cewa larura, wannan sakaci ne ya sa masa wani suna. Ɗari ba ya zuwa ba zato. Kowace shekara yana da lokacinsa, kuma kowa ya san shi.

Don haka, ƴan'uwa, in an tashi daga karatu yau, kowa ya zagaya ɗakinsa ya duba inda iska ke shiga. Ya leƙa kuma ɗakin maƙwabcinsa. Allah ya fisshe mu ɗarin bana lafiya, mu da tsofaffinmu da ƴaƴanmu.