Neman lissafin dukiyar jama'a mummunan zato ne?

'Yan'uwa, wasu na ganin idan ka tambayi shugaba ina kuɗin jama'a suka tafi, to ka munana masa zato. Ni ban ga haka ba. Mummunan zato shi ne ka yanke wa mutum hukunci ba hujja, mai neman lissafi kuwa hujjar yake nema.

Ku dubi Yuganda. Gwamnati na ware wa makarantun firamare kuɗi gwargwadon yawan ɗalibansu. Da aka bi sawun kuɗin na 1991 zuwa 1995, sai aka tarar kashi 13 cikin ɗari kacal ke isa makarantu, sauran a ofisoshin gundumomi suke maƙalewa. Makarantu da yawa ko sisi ba su gani ba. Iyaye ba su ma san da kuɗin ba, balle su nema. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa gundumomi a jaridu duk wata. Zuwa 2001, fiye da kashi 80 na isa.

Zukatan ma'aikatan ne suka gyaru? Allah ne masani. Abin da muka gani dai, an sa musu ido.

Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi wa Ibnul Lutbiyya lissafi da ya dawo daga karɓar zakka, bai kuma yarda da abin da ya keɓe wa kansa da sunan kyauta ba. Sahabi ne fa, kuma a kan mumbari aka yi maganar.